Tsohuwar Da Ta Kawo Ƙara Ɗakin Sanyi

To mazan dai duk sun watse masallaci, aka bar Yaya Hansatu ita kaɗai. Kowace Juma'a haka ake mata, tunda ita ce mace tilo cikin masu kula da wuta. Har mai gadi sai ya ja ƙofa ya bi su da darduma a kafaɗa.

Kun dai san inda take aiki, dogon ginin nan mara taga da ke bayan gari. Ba komai a ciki sai kwamfutoci, jere cikin dogayen akwatunan ƙarfe kamar kabad. Bayanan asibitoci, na makarantu, na bankuna, duk a cikinsu suke kwana. Abu biyu kawai suke so a duniya, wuta da sanyi. In ɗaya ya yanke, sun mutu. Aikin Yaya Hansatu kenan, ta ga bai yanke ba. Su ma'aikatan Ɗakin Sanyi suke ce wa wurin.

Ranar a gajiye take, kuma ba gajiyar jiki kaɗai ba. Juma'a uku kenan a jere ɗakin na ɗaukar zafi da tsakar rana. Injinan sanyi su mutu su tashi, su mutu su tashi, amma allon da ke gabanta yana ta nuna kore, wai lafiya lau. Da safen nan shugabansu, Oga Mamuda, ya kira ta ofis.

"Hansatu, barci kike yi ne?"

"Wallahi yallaɓai idona biyu."

"To me ya sa sai ranarki?"

Bai ma jira amsarta ba.

"In ya sake faruwa yau, ki ajiye mini katin aikinki a kan tebur. Na gaji da ba wa mutane haƙuri."

Shekara huɗu fa ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu aikin nan.

Ita ta san abin da take zargi. Akwai wani ɗan baƙin akwati a bangon ɗakin, bai fi faranti ba. Shi ke kallon komai, zafi, batura, janareto, injinan sanyi. Shi ke iya kunnawa, shi ke iya kashewa. An jona shi da intanet ɗin waje ta wani shuɗin kebul, don Oga ya riƙa leƙa komai a wayarsa yana kishingiɗe a gida. Lambar sirrinsa kuwa? Sifili huɗu. Wadda ya zo da ita daga inda aka ƙera shi, tana ma nan rubuce a ƙasansa. Sau biyu tana rubuta takarda a canza. Aka ce waɗanda suka haɗa sun ce kar a taɓa komai, garanti zai lalace. Ta gaji ta bari.

Ɗaya da rabi ta yi. Can nesa ana jin liman a lasifika, sama-sama.

Sai ta ji gumi na bin bayanta.

Ta kalli allo. Kore.

Ta miƙe, ta ɗora babban yatsa a jikin ƙofar ɗakin kwamfutocin, ƙofa ta buɗe. Zafi ya dake ta a fuska kamar ta leƙa tanderu. Ga wani wari. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗakin da ko ƙura ba a bari ta shiga.

Ta kalli ƙasa.

Sawun ƙafa. Ƙanana, ba takalmi, a jiƙe, tururi na tashi a kansu. Yatsun duk sun fuskanci ƙofa, kamar wani ya fita. Amma ba wanda ya fita. Ita ce zaune a bakin ƙofar tun sha biyu.

Ta bi sawun a hankali. Layi na ɗaya. Layi na biyu. A ƙarshen na uku ta gan ta.

Wata 'yar tsohuwa ce zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, da goyo a bayanta. Iskar da ke fitowa ta ramukan daɓen tana kaɗa hijabin Yaya Hansatu. Mayafin tsohuwar ko motsi.

"Salamu alaikum," in ji tsohuwar.

Bakinta ya motsa, amma muryar ba daga nan ta fito ba. Daga ƙarƙashin daɓe ta taso, gauraye da gurnanin fankoki.

"Wa... wa alaikumus salam. Iya, ta ina kika shigo?"

"Ta inda kowa ke shigowa."

"Ƙofar nan ba ta buɗuwa sai da yatsana."

"Ba waccan ba."

Ta nuna baƙin akwatin da haɓa.

A nan ne idon Yaya Hansatu ya sauka kan ƙafafun. Diddige a gaba. Yatsu a baya.

Ta kama Ayatul Kursiyyu a zuci, ta kai rabi, ta rikice, ta koma farko.

"Karanta abinki, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Ni ma ina karanta ta. Ba cuta na kawo ba. Ƙara na kawo."

Ta kwance majanyi, ta sauko da goyon kan cinyarta. Yarinya ce 'yar mitsitsiya. Bayanta duk ya saɓule, fata ta tashi fari fat. Ba ta kuka. Ta ma gaji da kukan, sai numfashi kawai.

"Jikata ce. Juma'a uku kuna sheƙa mana tafasasshen ruwa. Ba bisimilla, ba gafara. Uwarki ba ta koya miki ba?"

Ta koya mata mana. Wane ne a cikinmu bai sha rankwashi ba don ya watsa ruwan zafi a tsakar gida bai yi bisimilla ba? Sai ta tuna da bututun nan. Duk sanda injinan sanyi suka mutu, ruwan cikinsu yakan tafasa, sai wani bututu ya amayar da shi bayan katanga. Daidai kan wani tsohon suri da ba wanda ya taɓa kulawa da shi.

"Iya, wallahi ba ni ba ce."

"Na sani. Da ke ce, da ba magana za mu yi ba."

Yaya Hansatu ta ce, "To su wa?"

"Naku ne. 'Yan Adam." Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, irin ta wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. "Amma ba ƙafa, ba fuska. Daga nesa suke miƙo hannu, garuruwan da ko mu sai mun yi tafiyar yini. Wata uku suna shiga suna fita. Ba sa sallama. Sun gane ranar da mazanku ke fita. Su kashe wannan su gani, su kunna wancan su gani. Sannan su shafa wa allonki kore."

"Kina ganinsu?"

"Ta kanmu suke bi. Muna nan tun wurin nan yana daji, ban taɓa ganin irinsu ba. Yaranmu sun daina fitowa da rana."

Kun ji fa. Aljanu ne ke ɓoye 'ya'yansu saboda mutane.

"Mu ba ma buɗe ƙofar da aka rufe da sunan Allah," ta ci gaba. "Taku kuwa ba a taɓa rufe ta ba. Mabuɗin da ke jikinta, shi ne a jikin gida dubu. Ni tsohuwa da ciwon gwiwa ma na shigo."

Ƙit.

Fitilun layi na ɗaya suka mutu gaba ɗaya. Can ɗakin batura wani abu ya fara ƙara, tit, tit, tit.

Tsohuwar ta karkata kai tana saurare.

"Yau ba wasa suka zo yi ba. Yau wutar suke so duka."

Yaya Hansatu ta ruga wurin akwatin. Ga shuɗin kebul ɗin. Ga takardar da Oga ya manna a kansa da jan biro: KAR A TAƁA. In ta zare, wayarsa za ta makance, kuma wannan kaɗai ya isa kora. In ta bari, komai zai mutu, nan ma kora. Wata 'yar dariya ta kufce mata, ta gajiya. Ta damƙi kebul ɗin.

"Tsaya."

Muryar ta girgiza daɓen.

"Bari mu fita tukuna. In kika rufe muna ciki, da mu za ki zauna har ki tsufa."

Sai ta fara goya yarinyar. A hankali. Ta gyara ta. Ta ɗaura majanyi, bai yi mata ba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

Ƙit. Layi na biyu ya mutu.

"Iya, don girman Allah ki yi sauri!"

"Gwiwa ce, 'yar nan. Ki kai shekaruna ki gani."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taho, diddige na gaba, sawun na nuna baya. Da ta iso, wani sanyi ya biyo ta kamar an buɗe randa. Ta kama tafin hannun hagun Yaya Hansatu, ta danna tsakiyarsa da babban yatsa. Yatsan kamar ƙanƙara.

"Tukuicin jikata. In baƙo na cikin gida, za ki ji a nan." Ta saki hannun. "Na tsaya a bakin ƙofar akwatin nan ɗazu na ƙirga. Bakwai suka shigo."

Tana faɗar haka ta fara sirancewa. Ta zama kamar kara. Ta zama kamar zare. Ta shige cikin akwatin da goyonta, ta ramin da ko allura ba za ta bi ba.

Tit, tit, tit.

Yaya Hansatu na riƙe da kebul, tana jira.

Sai muryar ta zo, can ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan katanga.

"Shida sun biyo ni. Rufe."

"Bismillahi."

Ta fizge.

Allo ya koma ja jawur, ya nuna gaskiyar da ya ɓoye mata Juma'a uku. Ta bi injinan sanyi ɗaya bayan ɗaya tana tayar da su da hannu. Ta mayar da wutar layukan da suka mutu. Sannan ta zauna ta goge sifili huɗun nan, ta sa wata doguwar lamba da ko ita sai da ta maimaita sau goma kafin ta zauna mata. Sanyi ya fara dawowa. Da ta waiga, sawun sun bushe.

Ana sallame salla sai ga Oga Mamuda ya faɗo, hula a karkace, waya a hannu.

"Wa ya taɓa mini kebul? Hansatu! Ba ki iya karatu ba ne?"

Ta juya allo wajensa. Ta buɗe masa rajistar da akwatin ke ajiyewa ta duk wanda ya shiga. Ba wanda ya taɓa duba ta. Shiga ɗari uku da wani abu, daga ƙasashen da bai ma iya faɗar sunansu ba. Mafi yawa ranar Juma'a, ɗaya da rabi.

Ya karanta. Ya jawo kujera ya zauna. Ya cire hular.

"Wa ya ce miki ki duba nan?"

"Wata maƙwabciyarmu ce, yallaɓai."

"Wace maƙwabciya? Mu da ba gida ko ɗaya a kusa?"

Ta dube shi kawai. Shi ma bai sake tambaya ba.

Bai karɓi katin ba. Bai kuma ce ta yi haƙuri ba. A takardar da ya aika sama cewa ya yi "mun gano". Ita ko a jikinta, ta gaji. Abu ɗaya kawai ta kafe a kai, a karkatar da bututun nan zuwa kwata. Mazan suka yi ta mata dariya, wai Hajiya mai tausayin gara. Amma an karkatar.

Aka kawo ƙwararru daga Legas, suka yi sati suna bincike, suka ce gida ya tsarkaka, ba kowa.

To amma fa tsakiyar tafin hannunta akwai wani ɗan ɗigo baƙi, kamar na lalle, ba ya wankuwa. Kuma har yau, duk Juma'a, ɗaya da rabi daidai, sai wurin ya ɗauki sanyi kamar an ɗora mata ƙanƙara. Allo na nuna kore. Injina na aiki. Ba abin da ya mutu.

Bakwai suka shigo. Shida suka fita.

Ɗayan yana nan ciki, ya yi lamo, ba ya taɓa komai. Kallo kawai yake.

Ta faɗa wa Oga a sake dubawa, ya ce an riga an biya ƙwararru, ta bar maganar. Yanzu dai ba ta yarda ta zauna ita kaɗai. Baba Tabawa mai shara take roƙa ta zauna da ita, suna ɓarar gyaɗa har mazan su dawo. Ku ma in aiki ya taɓa kai ku irin wurin nan, kar wanda ya kuskura ya zauna shi kaɗai da injina da tsakar ranar Juma'a. In kuma aka muku sallama daga ƙarƙashin daɓe, ku amsa.

Wai ma tukuna, wannan ɗan akwatin intanet mai ƙyafta ido a saman firij ɗinku, lambar da ya zo da ita, wa ya taɓa canza ta?