Injin da Ya Ƙi Mutuwa

Rana ta kusa faɗuwa, Sifana tana durƙushe a bakin gareji tana cuɗa hannu da sabulu da yashi, sai wayarta ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Ƙanenta ne, Auta.

"Yaya, motar ta tsaya."

"Wace motar? Wadda na ba ka jiya?"

"Ita."

"Ƙarya kake yi. Sai dai in ruwan wanki ka zuba mata a tanki."

Bai yi dariya ba. Auta kuwa, magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma ko a zaman makoki sai ya nemo abin dariya. Ya yi ƙasa da murya ya ce yana kan hanyar tsohon ramin fasa dutse, ta zo yanzu, kuma kada ta taho da kowa. Ya kashe waya.

Shekara ashirin da biyu Sifana ta yi tana gyaran motocin dizal, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, sai wannan laƙabin. Motar da ta fita daga hannunta ba ta dawowa da kuka. Wannan akori-kurar kuwa ta fi kowacce cin ƙarfinta. A harabar kamfanin fasa dutsen da aka rufe Auta ya samo ta, shekara tara tana ajiye. Wata guda cur Sifana ta yi a kanta. Ta sauke tanki ta wanke, ta canza filta, ta gyara famfon mai, ta sa sababbin nozul huɗu, ta ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke tallafe nauyi, a baya don ɗaukar bulo. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata a rai lokacin. Duk tsohuwar motar da aka jawo mata, sai ta tarar da sheƙar ɓera ko yanar gizo a ciki. Wannan babu ko tururuwa.

Ta ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur, ta kama hanya.

Daga inda kwalta ta ƙare, hanyar ta koma tsakuwa. Babu gida, babu mai kiwo, sai tsofaffin turakun wuta da aka kwashe wayoyinsu. Ta hango motar a kan gangara, hancinta na kallon ƙasa. Taku kamar hamsin a gabanta hanyar ta yanke, ramin ya buɗe baki, baƙin ruwa kwance can ƙasa.

Kafin ta sauka daga babur idonta ya kai kan tayoyin baya. Sun lotse. Sifirin ɗin da ta ɗaura da hannunta sun miƙe sambal, kamar an yi wa motar lodin siminti. Ta leƙa bodi. Wayam, sai igiya da tsohon buhu.

Auta yana zaune a mazaunin direba, hannayensa biyu a kan sitiyari, gumi ya jiƙe masa wuya. Gilashin a buɗe yake kaɗan.

"Fito mana, ka zauna kamar ango."

"Ƙofar ba ta buɗuwa," ya ce da raɗa. "Yaya, ba tsayawa ta yi ba. Ni na kashe ta. Na kai bulo ina dawowa, da muka zo mararraba sai sitiyari ya juyo nan da kansa. Na ja, na ja, kamar ina kokawa da ƙato. Shi ne na murɗe makulli na ja birkin hannu."

"Me ya hana ka faɗa mini a waya?"

Bai juya kai ba. Da ƙwayar ido ya nuna mata gefensa.

Kujerar fasinja babu kowa. Amma ta lotsa a tsakiya, lotsawar mutum mai jiki.

Sifana ta kau da ido daga kujerar. Ta yi bisimilla a ranta, ta kama mariƙin ƙofa ta ja da ƙarfi. Ko motsi. Ta zagaya ɗaya gefen, haka. Ta ɗauko guduma ta kai wa gilashin duka, gudumar ta dawo mata kamar ta doki taya.

"Miƙo mini makullin."

Da ƙyar ya ɓamɓare hannu ɗaya daga sitiyari, ya zaro makullin ya turo ta kafar gilashi. Ta jefa shi aljihu. Ta jawo manyan duwatsu biyu ta danna a gaban tayoyi, sannan ta ɗaga bonet, ta kunna tocila ta cije ta da haƙori.

Warin da ya bugi hancinta ba na dizal ba ne. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Ta taɓa kan injin. Motar da ta wuni tana aiki, amma ƙarfen sanyi ƙalau.

Jan da ya rage a sararin sama ya dushe. Kwaɗin da ke kuka a ramin suka yi tsit gaba ɗaya.

Sai injin ya tashi.

Babu kukan sitata, babu tari. Tashi kawai ya yi, kamar mutumin da dama idonsa biyu. Makulli yana aljihunta, tana jin sanyinsa a cinya.

"Yaya!"

Ta zare tocilar daga baki. "Taka birki! Sa ta a giyar ƙarshe ka saki kulochi!"

"Giyar ba ta motsi. Akwai hannu a kai."

Tsoro ya zo mata, gaskiya ne. Ƙafafunta sun ce mata babur yana nan, taku biyar. Amma wani abu ya riga tsoron isa zuciyarta, kuma fushi ne. Wata guda tana kwana da ciwon baya a kan injin nan. Kowane noti da ke jikinsa ita ta ɗaure. Wane ne zai tayar da shi bai nemi izininta ba, kuma da ɗan uwanta a ciki?

Ta fizge wayar da ke buɗe wa famfo hanyar mai. Kowane injin dizal, da ka cire wannan wayar, numfashi biyu ya mutu.

Wannan bai ko girgiza ba.

Ƙasa ta yi ƙara. Ta haska. Duwatsun da ta danna suna nutsewa cikin tsakuwa, tayoyi suna hawa kansu a hankali. Ɗaya ya fashe, ɓas. Motar ta fara tafiya, tafiyar mai rakiyar gawa, tayoyin baya a ɗaure suna jan ƙasa.

Sifana ta suri akwatin kayan aiki, ta ɗare kan bamba, ta kifa cikinta a kan lagireto, ta mayar da tocilar baki. Ta zaro sifana mai lamba sha bakwai. Bututun mai huɗu ne ke shiga nozul. Ta kwance na farko. Ta kwance na biyu. Ya kamata mai ya yi tsartuwa ya wanke mata fuska. Ko ɗigo. Na uku. Na huɗu. Duk a bushe.

Injin yana ci gaba da bugawa, lafiya lau, babu mai ko cokali.

Ta san akwai ciwon da ke sa injin dizal ya haukace ya koma shan baƙin mansa, ya yi ta ihu har ya tarwatse. Ta gani sau biyu. Amma wannan ciwon da hayaƙi yake zuwa, fari, mai rufe unguwa. Ta ɗaga kai ta duba baya. Salansa ba ta fitar da komai.

Taku talatin.

Sai ta ji muryar. Ba daga cikin mota ba, ba daga daji ba. Daga bututun iskar injin take fitowa, ƙasa-ƙasa, kamar mutane da yawa suna magana da baki ɗaya.

"Sauka. Gidanmu ne. Gida za mu kai shi."

Tocilar ta kusa suɓuce mata daga baki. Ta cire ta, ta soke a tsakanin wayoyi.

"To ku buɗe wa ƙanena ƙofa."

"Shi ya ɗauko. Shi zai mayar."

"Shekara tara kuna zaune a ciki, ko taya ɗaya kun hura?" in ji Sifana. "Gawa na tarar, ni na tashe ta. Ba ku da noti ko ɗaya a nan."

Bonet ya faɗo mata a gadon baya. Ta ji wani abu ya ƙara a haƙarƙarinta. Ta tokare shi da kafaɗa, ta ɗaga.

Taku ashirin.

Auta ya fara salati da ƙarfi, yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

"Rufe mini baki, Auta, ina saurare!"

Saurare take yi kuwa. Kunnen da ke gane nozul mai ciwo daga tsallaken titi ya kama wani abu a ƙarƙashin bugun injin. Huuu. Haaa. Kowane inji jan iska kawai yake yi ta bututun nan, ba ya mayarwa. Wannan yana ja, yana saki. Robar bututun tana kumbura tana lotsewa, kamar cikin mai barci.

Ba ya buƙatar makulli. Ba ya buƙatar mai. Amma yana numfashi.

Ta zaro wuƙa ta yanke robar. Bakin ƙarfen ya bayyana, baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu. Wani sanyi ya buso daga ciki, da warin rijiyar nan.

Taku goma.

Ta zazzage akwatin. Sifanu suka zube ƙasa suna ƙara. Ta taka shi da gwiwa, ta ɓalle murfin. Ta tuɓe rigar aikinta ta naɗe murfin da ita, ta kifa a bakin bututun.

Ya zuƙe shi, ƙam.

Injin ya shaƙe. Ya yi tari.

Sai aka turo daga ciki.

Ta danna da hannu biyu. Aka sake turowa. Ba iska ba ce. Yatsu ne, tana jin su ta cikin ƙarfen, suna lalube, suna neman gefe.

Ta hau murfin da ƙirjinta.

"Saki," in ji muryar, yanzu a cikin kunnenta na hagu. "Saki, mu bar ki."

"Ban saki ba."

"Za ki bi shi."

"Sai dai mu tafi duka. Amma ba za ku sake shaƙar iska ta injina ba."

Taku biyar. Tana ganin bakin ramin ta ƙarƙashin hammatarta. Tsakuwa na gangarawa, ba ta jin saukarsu.

Sanyin ya ratsa murfin, ya ratsa rigar, ya kama tafin hannunta na hagu kamar cizo.

Ba ta ɗaga ba.

Bugu. Bugu. Tari.

Bugu.

Shiru.

Motar ta yi wani irin nishi, bayanta ya ɗaga sama da ƙarfi, sifirin suka koma yadda ta ɗaura su. Wani abu mai nauyi, ko abubuwa, suka wuce ta gefenta, ta ji iskarsu a wuya. Can ƙasa ruwan ya yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, har sau bakwai. Ƙofofin biyu suka buɗe da kansu.

Auta ya faɗo ƙasa da rarrafe. Da ya haska wayarsa, tayar gaba ta dama rabinta a kan iska take. Shi ya jawo yayarsa ta baya, don ta ƙi sakin murfin. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya.

"Yaya, mu gudu."

"Tattara mini sifanuna tukuna."

"Yaya!"

"Sha bakwai ɗin nan ta girme ka. Nemo ta."

Ya nemo ta, yana kuka yana dariya. Shi ya tuƙa babur ɗin, ita tana baya ta rungume hannunta, kuma babu wanda ya waiwaya.

Washegari da hantsi Auta ya rantse ko hoton motar ba ya son gani, a tura ta ramin a huta. Sifana ta ce ba a yi wanda zai ci guminta a banza ba, mutum ne ko wanin mutum. Da haƙarƙari biyu a ɗaure ta samo motar jan motoci, ta je da rana tsaka ta jawo ta gareji. Ta sauke injin, ta sa wani. Motar tana nan tana ɗaukar bulo har yau, ba ta sake juya kanta ba.

Tafin hannunta na hagu kuwa bai koma daidai ba. Akwai farin zobe a tsakiyarsa, faɗin bakin bututun, kuma wurin ba ya jin zafi ko ta kama salansa. Tun daga ranar, duk motar dizal da ta shigo garejinta sai ta fita da wani ɗan marfin ƙarfe a hanyar iska, da jar igiya kusa da gwiwar direba, wadda in aka ja injin zai shaƙe nan take. In mai mota ya ce bai sa ta wannan aikin ba, sai ta ce, "Ban tambaye ka ba. Ranar da ka buƙace ta za ka zo ka gaishe ni."

Tsohon injin ba ta sayar ba, ba ta jefar ba. Ta yi wa bakin iskarsa walda, layi uku, ta girke shi a kusurwar gareji. Babu mai a cikinsa, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Amma wasu ranakun, idan rana ta faɗi, ƙarfen yakan ɗauki zafi, a ji wani ɗan bugu can ciki, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Masu jiran gyara sukan miƙe su ce sun tuna wani uzuri.

Sifana takan taso, ta taɓa shi da bayan hannu, ta ce, "Yauwa, kun zo a kan lokaci."

Sai ta ɗora masa butar shayinta.