Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

"Ɗan wa ne wannan da ke bayanki?"

Karo na biyu ke nan tafinta Lawwali yana tambayata, da wani murmushi a gefen bakinsa wanda ni kaɗai na san dalilinsa.

Ga kumandan zaune bayan teburinsa a barikin Matameye, ga gardi mai tsaro a bakin ƙofa, ga mijina Sallau yana murza hularsa... ga kuma surukina, Malam Muntaka, ya kafa mini ido.

Mu mutanen Daura ne, ɓangaren Ingilishi. Aikin gini ya kawo Sallau Matameye, ni kuwa ina sayar da fura a gindin tsamiyar bariki. A nan na haihu. Takardar wucewa da Faransawa suka ba mu, wadda suke kira lesefase, sunaye biyu ne a cikinta, nawa da nasa. Yanzu za mu koma gida mun zama uku. In ba a sa jariri a takarda ba, ba zai ƙetare iyaka ba.

Abu mai sauƙi, ko? Uwa ta ce nata ne, ta faɗi sunansa, a buga hatimi.

To amma ɗan fari ne fa! Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki cikin maza ta ce ɗan fari nata ne? Kuma sunan kakansa aka raɗa masa, ga mai sunan a tsaye. Mutumin da ya ƙi aurenmu ƙiri-ƙiri, ya ce ɗansa ba zai kwaso masa 'yar talla marar kunya ba. Da ƙyar da siɗin goshi Sallau ya shawo kansa ya zo ya tafi da mu. Kwana uku da zuwansa ina tafiya kamar mai taka ƙwai, don kawai ya ga ina da kunyar nan.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan mutane ne..."

Duk Bahaushe ya san haka uwar ɗan fari take amsawa. Lawwali ma ya sani. Sai dai tun zuwanmu yake zarya wurin furata yana cewa in rabu da mai kwaɓa laka in auri mai aikin ofis irinsa, har ranar da na watsa masa ruwan wankin ƙwarya a ƙafa. Sai ya juya wa kumandan maganata yadda na faɗe ta, bai ƙara bayanin komai ba.

Kumandan ya yi jajur ya bugi tebur.

"Mushe kumandan ya ce masu satar yara suna ƙetarawa da su sun ishe shi," in ji Lawwali. "Yaro zai zauna a bariki, gobe a kai shi Damagaram har uwarsa ta bayyana."

Kafin in yi motsi gardi ya kwance mini goyo.

Yaron ya callara kuka. Nan take nono ya zubo ya jiƙa mini gaban riga, kowa yana gani. Wayyo ni! Na rungume ƙirjina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!" Sallau ya yi tsalle ya tare gardi.

"Wadda ta goyo shi ta ce na mutane ne," in ji Lawwali. "Maganarta aka rubuta, malam magini."

Sai Sallau ya juyo ya durƙusa a gabana. A gaban ubansa!

"Shekara..."

Bai taɓa kiran sunana a gaban Baba ba.

"Sanyin idona, dube ni. Na bar gidanmu saboda ke, ban taɓa da-na-sani ba. In Baba zai ƙi mu, ya ƙi mu mu uku. Faɗa musu..."

"Kunya nake ji," na ce, hawaye na zuba.

"Na sani, masoyiyata. Ai ni ma na zubar da tawa yanzu. Ki zubar da taki a kan tawa."

Gardi ya ture shi ya nufi ƙofa. Na hango 'yar dunduniyar yaron tana lilo, da zaren da na ɗaura masa a ƙafa.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Nawa ne! Ni na haife shi! Sunansa Muntaka! Muntaka ɗan Sallau!"

Sunan ɗan fari, sunan suruki, sunan miji... duk a numfashi ɗaya, har masu jira a tsakar bariki sun ji. Wata tsohuwa a waje ta rafka salati.

Kumandan bai nemi tafinta ba. Ya dubi rigata, ya yi wa gardi nuni. Ana miƙo mini yaron ya yi tsit ya cusa kansa a ƙirjina. Ban san abin da Nasaran ya faɗa wa Lawwali ba, amma na ga murmushin nan ya bushe. Sannan kumandan ya tsoma alƙalami a tawada, ya dube ni yana jiran sunan.

Na ja mayafi na rufe fuska, ina jiran Baba ya ce ai dama ya faɗa.

Na ji takun takalminsa ya tsaya a gabana.

"Tun da uwata ta rasu," in ji shi a hankali, "ba macen da ta ƙara kiran sunan nan gatsal a gabana."

"Baba, ka yafe mini..."

"Kunyar da za ta miƙa wa gardi jikana, ba na son ta a gidana. Sake faɗa, 'yata. Nasara bai iya rubuta shi ba."

Na sake faɗa, cikin mayafi. Sallau yana dariya yana share hawaye da hularsa.

Takardar tana nan cikin adakata, sunaye uku da hatimin Faransa. Yaron yanzu har ya yi gemu ya aje nasa iyalin, kuma tun daga ranar ban ƙara kiran sunansa ba.