Yatsan Bara'atu

Wata huɗu ke nan Bara'atu na kwance a ɗakin da ke daura da garken awaki, ba ta ganin komai sai azarar rufi da ƙafafuwan masu wucewa. Marainiya ce, a hannun kawunta Na'Allah take zaune a Mandera. Ranar da ta hau rumbu ɗebo gero tsani ya karye da ita, ta faɗo ta baya, tun daga nan ƙafafuwanta suka daina jin maganarta. Likita a Sakkwato ya ce lakarta ba ta tsinke duka ba, a riƙa kawo ta gashi ana motsa mata ƙafafu. Amma Fatu, matar kawun, ta jefa katin asibitin cikin murhu a ɓoye, ta ce wa mijinta komawa asibiti wahalar banza ce.

Wani hantsi Bara'atu na kallon ƙafarta ta dama, sai babban yatsan ya motsa... Ta sake gwadawa, ya sake motsawa! Kuka ya ƙwace mata.

"Inna! Inna, zo ki gani, yatsana ya motsa!"

Fatu ta leƙo, ta kalli yatsan, ta tafa hannu. "Ashe! Dama na faɗi, ƙarya ta! Wagga ɗiya lafiyarta lau, aiki na ba ta so, munka zama bayinta!"

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Matan da ke leƙowa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, kawun ma ya daina tsayawa a ƙofarta. Fatu ta koma ajiye kwanon tuwo can bakin ƙofa, tana cewa mai jin yunwa ta tashi ta ɗauka. Haka Bara'atu ke jan jiki da gwiwar hannu har fata ta saɓule, wani lokaci kafin ta isa kaji sun riga ta. "Ya Allah, Kai kaɗai ka san ban yi ƙarya ba..." Ta roƙi wata maƙwabciya ta ɗaura mata igiyar akuya a azara. Kullum sai Bara'atu ta kama igiyar ta ja jikinta sama, ta faɗi, ta share hawaye, ta sake kamawa, ba mai ce mata sannu.

Ranar da masu allurar rigakafi suka shigo gidan, Safinatu, ma'aikaciyar lafiya daga Shagari, ta ji faɗuwar abu a ɗakin. Tana ɗaga labule ta yi salati. Da ta gama jin labarin daga bakin Bara'atu, ba ta zarce ko'ina ba sai ƙofar mai gari, aka kira Na'Allah da matarsa.

"Ranka shi daɗe, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba," in ji Safinatu. "In laka ba ta tsinke duka ba, jijiyoyin da sunka rage suna iya koyon aikin waɗanda sunka lalace, in ana motsa jiki. Motsin yatsan nan farkon sauƙi na, shi anka mai da mata laifi! Ina katinta na asibiti?"

Fatu ta yi ta kame-kame har gaskiya ta fito. Na'Allah ya rufe fuska da hularsa yana kuka kamar yaro. A ranar ya ce Fatu ta tattara kayanta ta koma gidansu, kuma ko mace ɗaya ba ta fito rakiyarta ba.

Safinatu ta kai Bara'atu wajen kakar yarinyar a Bodinga, inda zuwa asibiti ya fi sauƙi. Shekara guda da rabi ana gashi, daga ƙarafan dafawa zuwa sanda biyu, daga biyu zuwa ɗaya, ƙafar hagu tana ɗan ja. Wata Juma'a da azahar, kakar ta fita unguwa, gidan ba kowa. Bara'atu ta yi alwala, ta jingine sandar a bango, ta fuskanci gabas a tsaye kan ƙafafuwanta. Hawaye na zuba, ta ɗaga hannuwa ta yi kabbara.