Makullin Hanyar Damilu

Ranar da Yusrah ta kai 'yan ajinta ɗan ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa na Damilu, hankalinta duk yana kan yara, kada wani ya jawo ƙarfe ya faɗo masa a ka. Sai da saurayin da ke bayani ya miƙo mata wani ƙarfe mai zobe sannan ta ɗago ido.

"Riƙe, Malama. Makullin hanya ke nan. Komai saurin direba, in shugaban tasha bai miƙa masa wannan ba, jirgi ba ya motsi."

"Yola da ko layin dogo babu?"

"Shi ya sa muka kawo muku har gida," ya ce yana murmushi. Ta sunkuyar da kai.

Sunansa Nu'uman. Daga Buni Yadi suka gudo da mahaifinsa, Baba Jibrilla, tsohon ma'aikacin reluwe wanda ya bar kayan sawa ya ɗauko buhun fitilu, tutoci da ƙararrawa. Mutanen unguwa suka yi sauran. Madam Lilian ta ba da shagonta, kafinta ya buga kanta, matasan masallaci da na coci suka yi fenti. Iyaye mata sun fi kowa murna, don a shekarun da uwa ke fargabar aiken ɗanta kasuwa, an samu inda yara za su zauna a idon kowa.

Soyayya ta yi nisa kafin magana ta isa kunnen mahaifinta, Alhaji Bobboyi.

"Ba na ƙin yaron," in ji shi. "Amma ba a aure sai da bincike. Wa zan aika Buni? Hanyar ma a rufe take. Ga Badamasi ɗan aminina, kakansa ma na sani."

Ta rubuta wa Nu'uman: "Hamma, Baffa ya hana ka zuwa. Mu riƙa haɗuwa gidan yayata Adda Nahla, ba wanda zai sani."

Ya amsa: "Hasken idona, ba zan shiga hanya ba makulli ba. In muka yi karo, ke za ki fi jin ciwo."

"Wato ka haƙura da ni ke nan."

Ta kashe wayar. Ya yi ta kira, shiru.

Sai bam ya tashi a Jimeta, gari ya rikice, kowane baƙo ya zama abin zargi. Badamasi ya je ya raɗa wa 'yan banga cewa 'yan gudun hijirar nan suna tara ƙarafa da wayoyi a shago.

Bayan la'asar Adda Nahla, yayar Yusrah, ta faɗo gida da goyo a baya.

"Tashi! Sun zo tafiya da Nu'uman!"

Kowa ya san a lokacin wanda aka jefa a mota bisa irin wannan zargi, ba lalle ya dawo ba. Yusrah ta fita da takalmi wari da wari.

Ta tarar an ɗaure masa hannu. Baba Jibrilla yana ta roƙon 'yan banga. Amma motar ta kasa fita, don matan unguwa sun zauna a bakin layi, wata da ludayi a hannu, wata da jariri a cinya.

"Ku tashi, Mama," in ji shugaban 'yan banga. "Aikin tsaro ne."

"Tsaro?" Madam Lilian ta miƙe. "Shagona ne. Duk Asabar ni da Nahla muke goge ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. In bam ne, ku fara da mu."

"Ɗana kullum nan yake wuni," wata ta ce. "Kana ganin zan ajiye shi inda ban leƙa kowane lungu ba?"

'Yan banga suka zazzage akwatuna. Fitila mai jan gilashi, tsohuwar wayar tangaraho, hular ma'aikata da asu ya ci. Shugaban ya juya neman Badamasi, ashe tuni ya sulale.

Aka kwance Nu'uman. Bai dubi hannunsa da igiya ta kurje ba, Yusrah ya duba.

"Kin yi kuka, hasken idona."

"Ƙarya ne," ta ce, hawaye na zuba.

Alhaji Bobboyi yana tsaye bayan taron tun farko. Ya tako a hankali, ya dubi matan nan, ya dubi kayan da ke warwatse a ƙasa.

"Na ce ba ni da inda zan yi bincike. Ashe uwa ba ta ba wa mugu ajiyar ɗanta." Ya duƙa ya ɗauki ƙarfen mai zobe. "Malam Jibrilla, wannan ne yarinyar nan ta ishe mu da labarinsa?"

"Shi ne, Alhaji."

Ya kakkaɓe ƙurar, ya ɗora a tafin Nu'uman.

"To, direba. Ka turo manyanka."

"Baffa, ba ni da kowa a nan sai Baba."

"Mu kuma fa?" Madam Lilian ta daka masa tsawa. Guɗa ta ɓarke.

Bayan sallah aka ɗaura aure a Yola. Matan Damilu suka haɗa lefe, Baba Jibrilla ya sa tsohuwar hularsa ya kaɗa wa motar amarya koriyar tuta.

Har yau shagon yana nan, makullin a rataye inda hannun yara ba ya kaiwa. Allah ya bar su tare, ya raya zuriyarsu, ya tsare mana 'ya'yanmu duk inda suka wuni.