Tsohuwar da Ta Ɓata Hoto

Kwana bakwai Tajuddeen yana zarya bakin wata gonar dawa a bayan Tsanyawa, yana farautar jan hasken nan na almuru. Ran nan ya same shi. Ya durƙusa, ya saita kyamarar wayarsa, ya danna. Sai ga wata tsohuwa a tsakiyar hoton da ƙwarya a ka, alhali ko motsin kara bai ji ba.

"Sannu da aiki, ɗan nan," in ji ta, muryarta kamar daga cikin rijiya.

Bai amsa gaisuwar ba, tsaki ya ja. "Iya, matsa mana! Kin ɓata min hoto da wannan tsumman zanin naki."

Ba ta matsa ba, har hasken ya tafi.

Ya taɓe baki. "To ki kwana a nan. Yanzu zan share ki."

Ya buɗe manhajar gyaran hoto, ya sa yatsa ya goge ƙwaryar, ya goge kan har wuya. A lokacin ne kukan gyare a gonar ya ɗauke tsit.

Ya ɗago. Tana nan tsaye, amma daga wuyanta zuwa sama babu komai sai zangarniyar dawa.

"Ƙarasa mana," in ji muryar, daga cikin wayar da ke tafin hannunsa.