Awon Jinin Mama

"Kada ƙafarki ta tsallako mini ɗaki!"

Muryar Mama ce daga ciki, tana rawa kamar ba tata ba.

Nas ta ja ta tsaya da jakar magani a kafaɗa. A gefenta Tela ne, ɗan Mama, wanda ya daɗe yana neman auren Nas. Ya matsa bakin ƙofa.

"Mama, don Allah..."

"Rufe mini baki! Na faɗa maka, mai wuni cikin masu annoba ba za ta zama surukata ba!"

Tun da annoba ta shigo, asibitin unguwa ya hana tsofaffi masu hawan jini zuwa bin layi. Sai aka ara wa kowane gida na'urar awo, aka koya wa mutum guda. Kullum da safe Nas za ta kira ta ji sakamako, in jini ya hau ta zo har gida. A gidan nan 'Yar Lele aka koya wa, ɗiyar ƙanwar Mama, wadda ko makaho ya san idonta na kan Tela.

Nas ta juya ga 'Yar Lele da ke tsaye a tsakar gida.

"Ƙanwata, ko mai lafiya jininsa yana hawa yana sauka. Ke kuwa kullum lamba ɗaya kike faɗa mini."

'Yar Lele ta murguɗa baki.

"Wato ƙarya na yi kenan?"

Tela ya shiga ya ɗauko na'urar daga saman kabad, ya hure ƙurar da ke kanta, ya danna. Shiru. Ko batir babu.

"Me ya sa?" ya tambaya a hankali.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Sai ga 'Yar Lele ta fashe da kuka.

"Cewa aka yi in ya hau za ta zo... ni kuma ba na son ta zo!"

Haushi ya turnuƙe Nas, amma tsoro ya fi shi ƙarfi, don ta hango Mama dafe da kai, idanunta sun yi ja. Ta zagaya da sauri ta tsaya a bakin taga.

"Mama, ki ƙi ni, na yarda. Ki hana shi aurena, zan haƙura, ko da zan yi ta kuka. Ba zan shigo ba. Hannunki kawai nake roƙo."



Can sai ga siririn hannu ya leƙo ta taga.

Nas ta sa safar hannu, ta ɗaura tata na'urar. Lambar ta nuna jinin ya hau sosai. Ta ba da magani, ta kira likita a waya, ya ce a zauna da ita har ya sauka. Haka ta tsaya a rana, gumi na bin bayanta, tana riƙe da hannun tana jan Mama da hira.

Tela ya zo ya kare ta da lema.

"Likitata, ki zauna mana..."

"Matsa baya, kai ma dokar ba da tazara ta hau kanka."

"Ko ni?"

"Kai ne ma na farko!"

Abin mamaki, sai aka ji Mama ta yi 'yar dariya.

Sai bayan la'asar jinin ya sauka. Mama ta daɗe tana kallon idanun Nas da ke saman takunkumin fuskarta.

"'Yar nan, duk maganganun da na yaɓa miki, ba ki ji zafi ba?"

"Na ji, Mama."

"To me ya kawo ki?"

"Ke kika haifa mini shi..."

Mama ta share ido da gefen mayafi, ta dubi ɗanta.

"Kai, tunda yanzu har duba marar lafiya ta waya ake yi, kira mini kawunka ya kira babanta. Ban san ko zan ga ƙarshen annobar nan ba, amma wannan ina so in gani."

Hawaye suka jiƙa takunkumin Nas. Kunya ta kama ta, ta fara zame hannunta.

Mama ta damƙe shi gam.

"Ina za ki? Ni ban ce na warke ba."