Bahago a Shagon Fenti

Ranar da Bahago ya fara sa ƙafa a shagonmu ina zaune a kan bencina na bakin ƙofa, inda nake wuni tun da ɗana ya ce idona ya yi rauni, in bar masa ciniki. Shagon fenti ne, kuma ni na kafa shi da hannuna, bayan gobara ta cinye na farko, ruwa ya tafi da na biyu. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk abin da ya gifta ta gaban bencin nan bai taɓa wuce ni ba. To, ku gyara zama.

Yaro ne siriri, jaka a baya, fensir a maƙale a kunne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ɗalibi ne a makarantar koyon zane. Malaminsu ya ba su aikin dogon hutu: kowa ya nemi shago a unguwa ya sake masa fuska, allon suna da tambari da takardun da ake manna wa kaya. In an koma makaranta sai a baje kowa ya gani.

Kafin in buɗe baki, jikata ta leƙo daga bayan kanta. Zabuwa muke ce mata, don tun tana rarrafe bakinta bai san hutu ba.

"Malam, ka makara," in ji ta. "Makarantarmu ɗaya, aikinmu ɗaya, kuma a cikin gwangwanayen nan aka raine ni. Ka gwada shagon mai taya."

Bai yi fushi ba. Ya kalli takardar da ke gabanta, ya karkata kai.

"Launukanki kam sun yi. Amma waɗannan haruffan fa, kaji ne suka yi dambe a kai?"

"Kai fa? Waye ya tambaye ka?"

Ya zare fensirin da hannun hagu, ya ja layi nan ya ja can, sai ga harafi ya tsaya a takarda kamar an sassaƙa shi. Zabuwa ta kalli harafin, ta kalli mai harafin, ta yi shiru. Ni da na rayu na ga abubuwa, ban taɓa ganin wannan ba.

Na ce, "Kai yaro, ka san amaryata ce kake wa wannan kallon? Tunda malaminku bai hana mutum biyu su haɗu ba, ku yi tare. Amma in ka sace mini ita, sanda tana nan."

Suka yi dariya, ita tana rufe fuska da mayafi.

Haka suka fara. Kullum da hantsi sai ya iso, su kafa kwamfuta a kan wani tsohon tebur kusa da ƙofar sito. Shi ne haruffa da siffofi, ita ce launi. Suna aiki suna musu, suna musu suna dariya. Ita ta raɗa masa Bahago, shi kuma ya ce mata Idona. A lokacin na ɗauka daɗin baki ne irin na samarin yanzu.

Saƙonninsu kuwa duk ta karanta mini, don ni ne abokin sirrinta, kuma kaina ba ya zubar da magana. Akwai wanda ya ce:

"Idona, yau na zana harafi ɗari, duk wanda na gama sai in ga ya karkata wajen gidanku."

Ta mayar masa: "To ka miƙar da su, kada malam ya ba mu sifili saboda soyayya."

Abu ɗaya ne yake ci mata rai. In ta haɗa launi kala-kala ta ce ya zaɓa, sai ya ce, "Duk wanda kika zaɓa ya yi." Ranar da ta sa sabon mayafi kore ta tambaye shi ko launin ya karɓe ta, sai ya ce komai ma karɓarta yake yi, ya sauya magana.

"Kaka," ta ce mini, "anya mutumin nan yana kallona kuwa?"

Na ce, "Yana kallonki har yana tuntuɓe da gwangwani."

Akwai kuma wani ɗan ajinsu da ake ce wa Ɗan-ƙwalisa, mai zuwa da motar gidansu, turarensa ya riga shi sallama. Ya daɗe yana bibiyar Zabuwa, ita kuwa ko ruwa ba ta taɓa miƙa masa da fara'a ba. Shi da Bahago tare suka yi firamare.

Yanzu bari in gaya muku yadda muke aiki a shagon. Fentin da muke haɗawa da kanmu ba ya da rubutu a jiki. Sai dai a ɗiga kaɗan a kan murfi, mai saye ya gani, mai sayarwa ya gani. Ni na ƙirƙiro wannan dabarar, kuma ta ciyar da gida shekara da shekaru.

Wata rana ɗana, baban Zabuwa, wanda duk layin ke kira Mai-fenti, ya shiga sito, Zabuwa ta je kai saƙo. Sai ga mai saye yana sauri, ya ce a ba shi jan fenti na ƙofar ƙarfe. Mai-fenti ya ɗaga murya daga ciki ya ce Bahago ya miƙa masa. Yaron ya tsaya gaban kanta ya daɗe, sannan ya ɗauko ɗaya ya zuba a leda. Mutumin ya tafi.

Bai jima ba ya dawo yana kumfar baki, gwangwani a buɗe.

"Ja na ce! Wannan ja ne? Ko an gaya muku gonar alayyafo zan buɗe a ƙofar gidana?"

Kore ne shar. Kuma a daidai lokacin Ɗan-ƙwalisa ya faka motarsa, Zabuwa ma ta dawo.

"Ayya Baba, ai ba laifinsa ba ne," in ji Ɗan-ƙwalisa, da murmushin da na so in goge da sandata. "Ba ya bambance ja da kore, haka aka haife shi. A kwamfuta lambobin launi yake haddacewa, shi ya sa malamai ba su gane ba. Na ɗauka ya gaya muku."

Zabuwa ta juya ta dubi Bahago.

"Gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne."

"Shi ne kullum nake wahalar haɗa launi ina kawo maka, kana kallona kamar wawuya?"

Ta shige sito ta rufo ƙofa. Mai-fenti ya sallami mai saye da haƙuri, sannan ya juyo.

"Yaro, ban ƙi ka don halinka ba. Na ga take-takenka da 'yata, kuma da na yi shiru. Amma mai zanen da bai san ja da kore ba, wa zai ba shi aiki? Yau ƙofa ce, gobe allon kamfani ne za ka ɓata. Da me za ka riƙe mini ita? Ka nemi wani shagon, ka kuma nemi wata."

Yaron ya tattara kwamfutarsa. Da ya zo wucewa ta gabana na riƙe hannun rigarsa.

"Ni da kake gani mota ta taɓa kifewa da ni, likita ya ce a kira dangi. Likitan ya riga ni tafiya. Kada ka bari gwangwani guda ya binne ka."

Kwanaki suka shuɗe, Zabuwa ta zama kurma. Abinci sai an yi da gaske. Ɗan-ƙwalisa ya riƙa zuwa da kyaututtuka, tana mayar masa da su ko buɗewa ba ta yi. Sai ga saƙo ya shigo:

"Idona, ban ɓoye miki don na raina ki ba. Tun ina yaro duk wanda ya sani sai ya ɗaga abu ya ce, wannan wane launi ne, a yi ta dariya. Na ji tsoron ranar da ke ma za ki ɗaga mini abu. Da na ce miki Idona ba wasa nake ba. In kin yafe, ina da wata dabara. In ba ki yafe ba, dabarar taki ce, ki yi aikinki da ita."

Ta karanta mini. Ta ce, "Kaka, me zan ce masa?"

"Ni na sani? Kishiyata... to, abokin takarata ne, ki ce masa ya mutu."

Ta yi dariya da hawaye, ta rubuta: "Bahagona, mayafin nan kore ne, kuma ya karɓe ni ƙwarai. Daga yau in ba ka gani ba ka tambaya. Kawo dabarar."

Dabarar ita ce kowane launi a ba shi siffarsa. Ja harshen wuta, kore ganye, shuɗi ɗigon ruwa, rawaya rana, ruwan ƙasa tubali. Launin da aka haɗa daga biyu sai a haɗa siffofin biyu wuri guda. Shi ya zana su a ɗakin karatu na unguwa, ita ta cika su da launi, suka sa aka yanka su da kauri yadda yatsa ma zai gane.

Da Mai-fenti ya ji, ya ce ba a shagonsa ba. Nan na buga sanda a ƙasa.

"Shagon wa? Lokacin da nake ɗaukar fenti a ka, kai majina kake sha. 'Yarka taka ce, ba zan yi maka dole ba. Amma murafen gwangwanina nawa ne."

Ya ce, "To, Baba. Murafe naka, 'ya tawa."

Aka manna. Sabon allo ma ya hau saman ƙofa, da haruffan Bahago da launukan Zabuwa, har masu wucewa suna rage tafiya.

Ran nan da rana tsaka ga babban abokin cinikinmu ya zo, wani ɗan kwangila mai furfura da ya shekara yana saye a wurinmu. Mota na jira, kaya da yawa yake so, kuma wutar lantarki ta ɗauke, sito ya yi duhu don ba taga. Mai-fenti yana ta laluben tocila. Bahago yana tsaye a waje, ya zo ɗaukar hoton allo don makaranta, bai kuskura ya shigo ba.

Na miƙe na ce, "Kai Bahago, biyo ni. Alhaji, faɗi abin da kake so."

"Baba, za ka faɗi!" in ji ɗana.

"Gobara ba ta kayar da ni ba, sai sito?"

Ɗan kwangila yana kira muna fitarwa. Ja, in shafa in ji harshen wuta in miƙa. Kore, Bahago ya shafa ganye ya cilla wa direba. Ni mai hazo a ido, shi mai rikita launi, a cikin duhu, muka cika motar nan. Mai-fenti ya bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya a hasken rana yana neman kuskure. Ya nema, ya sake nema. Babu.

Ɗan kwangilar nan ya ɗauki gwangwani guda, ya daɗe yana shafa ganyen da babban yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

Zabuwa ta nuna Bahago, kafin kowa ya yi magana.

Mutumin ya rage murya ya ce wa ɗana, "Ka taɓa lura kullum sai in ce ka ba ni irin na jiya, ban taɓa nuna gwangwani da hannuna ba? Ni ba na bambance ja da kore. Gidajen da na gina kuwa ka san su. Yau ce rana ta farko da na sayi fenti ban ji kunya ba." Ya juya wajen yaron. "Akwai asibitin da nake ginawa, ana neman alamomin da kowa zai gane, mai karatu da marar karatu. Ka zo ofishina, kai da abokiyar aikinka."

Da motar ta tafi, Mai-fenti ya zauna a gefen bencina, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya share zufa. Sannan ya kira yaron.

"Na ce ba wanda zai ba ka aiki. Na yi kuskure, kuma a gaban mutane na faɗa, don haka a gaban mutane nake janyewa. Ku gama karatunku. Ka turo manyanka."

Bahago ya zube ƙasa yana godiya har maganarsa na sarƙewa. Zabuwa ta ruga ta ɓuya a bayana, tana matse mini kafaɗa kamar za ta karya tsoho.

Da aka koma makaranta, aikinsu ne ya zo na ɗaya, malaminsu ya rataye shi a bakin zauren baje koli. Ni ma na je, da babbar rigata, aka ba ni kujerar gaba. Ɗan-ƙwalisa ya sake wa wani shagon turare fuska, ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zo ya ba Bahago hannu, idonsa a ƙasa.

Bayan sun karɓi takardar gama makaranta aka ɗaura aure. Masu fenti na layin nan kaf sun zo, ɗan kwangila ya cika mota da mutanensa. Katin gayyata su biyu suka zana, mutane suka ƙi yar da shi bayan biki.

Da za a tafi da amarya, suka durƙusa a gabana. Na ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kanta.

"Kai, abin da ba ka gani ba ka tambaye ta. Ke kuma, in ya tambaya ki ba shi amsa a taƙaice, kada ki kai shi la'asar."

"Kai Kaka!"

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah Ya sa ku daɗe kamar ni, in za ku iya."

Duk ɗakin aka ce amin, ana dariya, amarya tana kuka tana dariya, ango yana riƙe da gefen mayafinta har suka fita.